Cokalin Shayin Baba

A gidanmu na Makera babu ƙaramin cokali. Ban taɓa lura da haka ba sai ranar da kwalara ta kama Baba. Muna da cokula bakwai a cikin wani gwangwanin madara a kan kanta, duk na cin shinkafa ne. Akwai kuma guda ɗaya da ya ɗan fi su zurfi, wanda ba mai taɓawa, domin da shi Baba ke shan shayi. Baba ba ya kurɓar shayi kamar sauran mutane. Yakan yayyaga burodi cikin babban kofinsa, ya bari ya jiƙu, sannan ya riƙa ɗiba da cokalin nan kafin ya fita aiki a wani kamfani a Kudenda. Idan aka ce cokalin shayi a gidanmu, wannan ake nufi.

Lokacin ina shekara ta biyu a makarantar koyon aikin gwaje-gwajen asibiti. Ni ce 'yar fari, ƙannena biyu kuma sun tafi hutu ƙauye wurin kaka. Ba ni da yawan magana tun ina ƙarama. A aji nakan san amsa, amma sai in rubuta ta a gefen takarda in jira wani ya faɗa. A coci ban taɓa yarda an ba ni karatun nassi ba, domin muryata rawa take yi idan ido ya wuce huɗu a kaina. Abin da na iya shi ne rubutu da awo. Littattafaina duk da rula nake ja musu layi.

Mako biyu kafin ranar nan malaminmu ya nuna mana ƙwayar kwalara a madubin ƙara girma. Matacciya ce, an rina ta ja a kan gilashi. Na daɗe ina kallo har na bayana suka fara tsaki. 'Yar mitsitsiya ce mai lanƙwasa kamar waƙafi, ya ce kuma tana da wutsiya ɗaya, idan tana da rai ba ta tsayawa wuri guda. Ya ce dangi ne babba, yawancinsu a ruwan teku suke zaune. Wasu ta ɗanyen kifi da jatan lande suke shiga cikin mutum, wasu ta miki, idan aka shiga ruwan gishiri da ciwo a ƙafa. Mu da ba mu taɓa ganin teku ba, rabonmu a cikin dangin shi ne wannan mai kawo amai da gudawa.

Na rubuta bayaninsa kusan kalma da kalma. Ƙwayar ba ta huda hanji, ba ta shiga jini. Dafi take saki, dafin ya sa hanji ya riƙa zubar da ruwan jiki da gishirinsa waje. Ƙarewar ruwa ce ke kashe mutum, wani lokaci a yini ɗaya. Amma akwai wata ƙofa a hanji da dafin ba ya iya rufewa: idan gishiri ya zo tare da sukari, hanji zai karɓe su, ruwa ya bi bayansu. A ƙasan wannan na ja layi biyu a kan gargaɗinsa, cewa idan haɗin ya yi kauri, maimakon ya mayar wa jiki ruwa, sai ya ƙara janye wanda ya rage.

Ranar Asabar ce, tsakiyar damina. Tun da gari ya waye ake ruwa kamar da bakin ƙwarya, har kwatar lungunmu ta cika ta haura hanya. Gidan haya ne mai ɗakuna shida, rijiya ɗaya, bayi ɗaya. Kafin ƙarfe takwas Baba ya shiga bayi sau huɗu. Na biyar bai iya kaiwa ba, Mama ta kawo masa bokiti ɗaki. Da ta fito da bokitin na leƙa ciki. Ruwa ne fari-fari kamar wanda aka wanke shinkafa da shi, yana ɗan ƙarni. Na taɓa goshin Baba, babu zazzaɓi. Na tambaye shi ko cikinsa na murɗa, ya ce a'a, ƙwaurinsa ne ke ɗaurewa.

Baba sunan mahaifiyarsa ya sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ya dube ni ina tsuke fatar cikinsa da yatsu biyu, fatar ta tsaya ta ƙi komawa da wuri.

Ya ce, "Uwata, ni ne aikin gidan da aka ba ku wannan makon?"

Muryarsa ta shaƙe, ta yi siriri kamar ba tasa ba. Idanunsa sun fara faɗawa. Na je bakin ƙofa na ce wa Mama a hankali, "Ina jin kwalara ce. A kai shi asibiti."

Ba ta musa ba. Ta ƙwala wa maƙwabciyarmu kira, wadda kowa ke ce wa Maman 'yan biyu. 'Yar Binuwai ce, tana sayar da tumatir a kasuwa, muryarta kuwa daga farkon lungu ake ji. Ita ce ta laƙaba mini Farfesa tun ina sakandare. Mijinta ya naɗe wando ya fita neman keke napep. Bayan ɗan lokaci ya bugo waya ya ce ruwa ya kai gwiwa a mashigar lungu, ba mai keken da zai shigo sai ya janye, mai kemis ɗin bakin titi kuma bai buɗe ba. Baba ƙaton mutum ne, ba za a iya goya shi cikin wannan ruwa ba. Ba abin da ya rage sai a riƙe shi a gida har hanya ta samu.

Dole in faɗi wace ce Mama kafin in ci gaba. Ita ce shugabar girki a zumuntar mata ta cocinmu. Biki ko zaman makoki, ita ake bai wa manyan tukwane. Ba ta awo. Takan kalli tukunya ta ɗebi gishiri da tafin hannu ta watsa, kuma ba a taɓa cewa miyarta ta yi gishiri ko ta yi lami ba. A kicin ɗinta aikina yankan albasa ne da wanke-wanke. Tunda nake ban taɓa ce mata ga yadda za ta yi ba.

Ta san haɗin ruwan gishiri da sukari, ta ji a rediyo, ta ji a asibitin awon ciki. Ta ɗauko jug, ta fasa ledar fiya wata biyu ta zuba, lita ɗaya ke nan daidai. Tana yi tana maimaitawa a bakinta: rabin cokalin shayi na gishiri, cokalin shayi shida na sukari. Komai daidai yake da abin da ke littafina. Sai ta miƙa hannu cikin gwangwanin madara ta zaro cokalin Baba.

Ina tsaye ina kallo. Ta ɗebi gishiri rabin cokalin, da ɗan tozo a kai. Ta ɗebi sukari sau shida, kowanne a cike har yana zuba. Na ƙirga su duka, na san abin da ke faruwa, kuma ban ce komai ba. Na yi ta gaya wa kaina cewa wataƙila ni ce ban fahimta ba. Har yau idan na tuna wannan shirun nakan ji kunya.

Ta kai wa Baba kofi. Ya sha rabi, ya yamutsa fuska, ko minti biyu ba a yi ba ya amayar da shi har da ƙari. Mama ta goge masa baki ta dawo za ta sake zubawa. Ban san lokacin da na ɗora hannu a kan jug ɗin ba.

Na ce, "Mama, ba wannan cokalin ba ne."

Ta ce, "Wane ne to? Ba cokalin shayi aka ce ba?"

"Shi aka ce. Amma wani ɗan ƙarami ake nufi."

"Tun kafin a haife ki ubanki ke shan shayi da cokalin nan. Yau ke za ki gaya mini ba na shayi ba ne? Cire hannunki."

Maman 'yan biyu, da ke tsaye a bakin ƙofa da zani a kanta saboda ruwa, ta ce, "Abeg, Farfesa, ki bar Mama ta yi aikinta. Magani in bai yi ƙarfi ba ai wasa ne. Ni da na ce ma a daina ba shi ruwa gaba ɗaya, tunda abin da ya sha shi ke fita."

Gardama ba na iya ta, kuma na san idan aka ci gaba da magana su biyu za su rinjaye ni. Amma ban cire hannun ba. Na juya wurin Maman 'yan biyu na ce, "Mama, cokalin robar nan da ya zo da maganin zazzaɓin 'yan biyu, yana nan?"

"Wanda ke cikin kwalin sirof? Me za ki yi da shi?"

"Don Allah ki kawo."

Ta tafi tana mita ta dawo da shi. Ɗan farin cokali ne, an rubuta biyar a bakinsa, da layi a tsakiya na biyu da rabi. Na wanke shi. Na cika cokalin Baba da ruwa, na riƙa juyewa cikin ƙaramin ina zubarwa a faranti. Ɗaya. Biyu. Uku. Har da sauran ɗan ruwa a ƙasa.

Na ce, "Wannan ƙaramin shi ne na rediyo. Na Baba ya yi ukunsa da ɗoriya. Kuma a shafe ake so, ba da tozo ba."

Mama ta kalli cokulan biyu. Na ga ba ta gamsu ba tukuna, domin lissafi ba shi ne abin da ta yarda da shi ba. Sai na zuba kaɗan daga jug ɗin a kofi na miƙa mata.

Na ce, "Ki ɗanɗana. An ce kada gishirinsa ya wuce na hawaye. Idan miya ce wannan, za ki kai wa Fasto?"

Ta harare ni, amma ta karɓa. Ta kurɓa, ta juya shi a baki kamar yadda take yi wa miya, ta je bakin ƙofa ta tofar. Sannan ta ɗauki jug ɗin da kanta ta tuttular a kwata.

Maman 'yan biyu ta ce, "Haba Mama, sukari fa. Da an ƙara ruwa kawai."

Na ce, "Ba mu san yawan tozon ba. Gara a sake daga farko."

Mama ta ɗauraye jug ɗin, ta ajiye a gabana, ta matso da gishiri da sukari. Ta ce, "Haɗa." Ta koma gefe ta harɗe hannu.

Na wanke hannuna da sabulu har gwiwar hannu. Na fasa leda biyu. Na zuba gishiri har layin tsakiyar cokalin, na ɗaga shi daidai idona kamar yadda ake yi a ɗakin gwaji na makaranta. Sukari kuma kowane cokali sai na shafe shi da bayan wuƙa. Da na gama motsawa na miƙa wa Mama ta ɗanɗana. Ta ce, "Wannan ai kamar ba a sa komai ba." Na ce haka ake so.

Na ce kada a ba shi kofi guda a lokaci ɗaya. Kurɓi-kurɓi, ba tsayawa. Idan ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba a hankali. Mama ta zauna a bakin katifa ta tallafo kansa, ni kuma na yago takarda daga littafina na ja layi uku: lokaci, abin da ya shiga, abin da ya fita. Kowane kofi da ya ƙare in rubuta. Kowane bokiti in rubuta, in zuba masa ruwan bilic, in kai bayi da kaina, nesa da rijiya.

Akwai maganar da ya kamata a gaya wa mutanen gida, ni kuwa ba zan iya bin ɗaki-ɗaki ba. Na ce wa Maman 'yan biyu ruwan sama ya cika bayi ya malalo tsakar gida, ban san ta inda ciwon ya shigo ba, amma kada kowa ya sha ruwan rijiya sai an tafasa. Ta fita tsakar gida ta tsaya cikin ruwa ta ɗaga murya.

"Jama'ar gida, Farfesa ta ce wanda ya sha rijiya bai tafasa ba, shi da bokiti ne. Na faɗa muku da Hausa, wanda bai ji ba ya zo in faɗa masa da Turanci."

Har Baba sai da ya yi murmushi.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya abin ya tsananta. Fatar yatsunsa ta yamutse kamar ta mai wanki, ƙwaurinsa ya riƙa ɗaurewa har yana cije leɓe. Na riƙe wuyan hannunsa, bugun jinin yana nan amma siriri ne, da sauri. Tun safe bai yi fitsari ba, wannan kuma shi ya fi tsorata ni, domin na san ƙoda na iya tsayawa idan ruwa ya ƙare. Ban gaya wa Mama ba. Na dai rubuta a ƙasan takardar.

Sai Baba ya kau da kai daga kofin. Ya ce, "Ku bar ni haka. Ina zubawa ta sama yana fita ta ƙasa. Wahala ce kawai."

Mama ta yi lallashi, ta yi addu'a cikin sunan Yesu, ya ƙi buɗe baki. Ta ɗago ta dube ni. Na durƙusa kusa da shi na nuna masa takardar.

Na ce, "Baba, ba duka ke fita ba. Wani yana tsayawa. Idan ka daina sha, na fita ba zai daina ba. Buɗe bakinka."

Ban taɓa yi wa mahaifina magana da irin wannan murya ba. Ya buɗe ido ɗaya ya kalle ni, ya ce wa Mama, "Kin ji ko? Tsohuwar ce da kanta ta dawo." Ya buɗe baki.

Mun ƙare jug na biyu, na haɗa na uku. Ruwan sama ya tsagaita bayan ƙarfe ɗaya, kwata ta fara janyewa. Kusan ƙarfe biyu da rabi muka ji ƙarar keke a ƙofar gida. Maza uku suka ciccibi Baba. Mama ta zauna ta riƙe shi, ni na matse a gefe da jug a kan cinya da kofi a hannu. Duk inda keken ya rage gudu saboda rami sai in kai masa baki.

A asibiti aka kai mu wani ɗaki na gefe, inda gadaje ke da rami a tsakiya da bokiti a ƙasa. Nas ɗin da ta karɓe mu dattijuwa ce mai tabarau, ba ta da fara'a. Ta riƙe wuyan hannun Baba, ta ja fatar idonsa, ta ɗaure masa damtse. Sau ɗaya ta soka allura ta samu jijiya, ta rataya ledar ƙarin ruwa ta buɗe ta sosai.

Ta ce, "Tun yaushe ya fara?"

Na miƙa mata takardar. Ta jiƙe a gefe ɗaya, amma ana iya karantawa. Ta bi ta da yatsa daga sama har ƙasa.

"Wa ya rubuta wannan?"

Mama ta nuna ni da haɓa.

"Ruwan fa, da wane cokali kika haɗa?"

Na ciro ɗan cokalin robar daga aljihun siket ɗina. Ta dube shi, ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, "Wasu ruwan da suke zuwa da shi ko kifi aka jiƙa a ciki ba zai ruɓe ba. Da ba ku riƙe shi haka ba, da yanzu muna nan muna laluben jijiya." Ta ɗauki takardata ta maƙala a cikin fayil ɗin Baba, a saman nasu takardun. Ta kuma ce in ci gaba da ba shi na baki, ta miƙo mini jug ɗinsu na asibiti.

An ɗebi bayan gidansa an kai gwaji, daga baya sakamako ya tabbatar kwalara ce. An ba shi ƙwayar magani. Leda ta farko ta ƙare, aka sa ta biyu, aka sa ta uku. Ni dai abu ɗaya nake jira. Duk lokacin da nas ta wuce takan tambaya, "Ya yi fitsari?" In ce tukuna. Mama ta lura tambayar ta yi yawa, ta ja ni gefe ta ce in gaya mata gaskiya. Na gaya mata. Ta gyaɗa kai, ta koma ta zauna, ta riƙe ƙafar Baba tana matsawa.

Rana ta yi sanyi, wajen ƙarfe shida saura, Baba ya motsa ya ce, "Uwata, fita waje tukuna. Ki turo mini mamanki da kwalbar fitsarin nan."

Na fita na tsaya a baranda. Bayan ɗan lokaci Mama ta fito riƙe da kwalbar a gabanta da hannu biyu. Kaɗan ne, ja-ja, bai kai rabin kofi ba. Ba nas ta fara nuna wa ba, ni ta fara nunawa. Ta ce, "Ya isa?" Na ce ya isa a fara da shi. Na duba agogo, na shiga na buɗe fayil ɗin na rubuta lokacin a ƙasan takardata.

Ba a jima ba likita ya zo zagaye, saurayi ne mai sauri, yana tafe yana karanta fayil. Ya tsaya a gaban Mama ya ce, "Mama, ki ba ni labarin yadda abin ya fara."

Mama ta gyara ɗaurin zaninta. Ta ce, "Likita, yi da 'yata. Ita ce ta san kan zancen."

Mutum biyar ne a wurin har da nas da masu jinyar gadon kusa, duk suka juyo. Na fara daga ƙarfe bakwai da kwata, na bi da shi har zuwa fitsarin, ban tsallake ko kuskuren jug na farko ba, sai dai na ce mu muka yi, ban ce Mama ba. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba. Ya danna cikin Baba, ya saurari ƙirjinsa, ya ce mafi hatsarin ya wuce, amma za su riƙe shi su ga yadda ƙodar za ta ci gaba.

Ranar Talata da hantsi aka sallame shi. Ya rame har wandonsa sai da aka ƙara wa bel rami. Mama ta miƙa hannu za ta riƙe shi, ya ce ta bari, ya taka da ƙafarsa tun daga bakin gado har inda keke ke jira.